Bel ɗin Taimin da Sunan Linus

Dutse Uku, Jos
8 ga Yuli

Ɗana Mudassir,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta uwa da ɗa, ina fatan takardar nan za ta same ka garau, kai da abokan aikinka na asibitin Gembu. Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwar nan tawa da ba ta shiri da damina. Ruwa kullum sai ya sauka, shanya ta kwana uku a igiya ba ta bushe ba. Ka ce garinku ya fi Jos sanyi. Ban yarda ba, amma dai ka riƙa sa rigar sanyi.

Ka san ni da waya: kunnena ya yi nauyi, layinku kuma sai an hau tudu ake samu. Shi ya sa na nemi Hezekiya direba, ya ce jibi zai yi lodin Jalingo, daga can ya miƙa wa masu hawa Gembu. Tsohuwar malamar makaranta ba ta rasa biro.

Na daɗe ina juya biron nan kafin in rubuta layin da ke tafe. Motarka ta lalace.

Ranar da za ka tafi ka shigo da ita tsakar gidana, ka ce amana ce, kada kowa ya fita da ita, Linus makanike ne kaɗai zai riƙa zuwa ran Asabar yana tayar da ita saboda batir. Ni da mahaifinka 'yan maza zar ne kawai, kana da dangin da suka fi ni kusa a garin nan, amma gidana ka zaɓa. Ban manta da wannan ba. Shi kuma Linus bai taɓa fashi ba, ko ruwa ake tsugawa sai ya taso daga Tudun Wada a kan babur ɗinsa, ya tayar da ita, ya sha kunu, ya koma.

Asabar ɗin da ta wuce aka fita da ita, ta mutu a wajen Mararabar Jama'a. Da igiya aka jawo ta zuwa garejin Linus. Ya ce bel ɗin taimin ne ya tsinke. Na ce ya faɗa mini da Hausar da tsohuwa za ta gane. Ya ce wata ɗamara ce ta roba mai haƙora a cikin inji, ita ke sa sama da ƙasa su yi aiki tare, in ta tsinke mota na cikin gudu sai ƙarafan ciki su gwabza da juna. Naka sun gwabza. Bawul takwas sun lanƙwashe, sai an sauke kan injin gaba ɗaya. Abin da ya ce gyaran zai ci, fanshona na wata biyar ba zai rufe shi ba.

Kunya ta ishe ni, Mudassir. An ba ni ajiya lafiyayya, ga abin da nake da shi na nunawa. Kai ne mai mota, sai ka faɗi yadda kake so a yi.

Ka gaida likitanku da ya ba ni maganin gwiwa a bara, ka ce masa ya ƙare.

Gwaggonka,
Barira

*

Gembu
19 ga Yuli

Zuwa ga Gwaggo,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ina gaishe ki da ladabi, ina yi miki sannu da gwiwa. Ga maganin nan na ba da tare da takardar, ƙwaya ɗaya bayan abinci, ba kafin ba, don na san ki da gyara wa likita aikinsa. Ni ina lafiya, aiki ne dai ya yi yawa, mu biyu ne a ɗakin gwaje-gwaje.

Na karanta takardarki a tsaye, na sake karantawa a zaune. Abu na farko, ki cire kunyar nan daga ranki. Ke ba ki da laifi ko na anini. Na san ko gwamna ne ya aiko aron motar nan ba za ki bayar ba, shi ya sa ma na kai ta gidanki ban kai gidan su Kawu ba, inda da tuni ta zama motar kai amarya.

Kin ce ranar Asabar aka fita da ita. Ranar Linus ke nan. Ni tayarwa na ce ya riƙa yi, ban ce yawo ba. Me ya kai shi Mararabar Jama'a? Wannan ɗaya.

Na biyu, bel ɗin nan sabo ne, sati biyu kafin in taho aka ɗaura shi, kuma a garejinsa. Bel na kirki yakan yi shekara huɗu, har biyar. Abubuwan da ke tsinka shi sanannu ne: ko tsufa, ko mai ya riƙa zuba a kansa ya cinye robar, ko kuma tun asali ba na kirki ba ne. Tsufa dai babu a maganar. Sauran biyun kuwa duk a hannun mai gyara suke, kuma ƙa'idar gareji ce ko'ina, wanda ya ɗaura shi ke da alhaki. Saboda haka ba ke za ki biya ba, ba kuma ni ba.

Ni ba zan kira shi a waya ba, kada raina ya ɓaci in faɗi abin da zan yi da-na-sani. Ke yana jin nauyinki, tun zamanin mai gidanki marigayi Malam yake shiga gidanki. Don Allah ki daure ki je ki same shi, ki gaya masa a hankali cewa gyaran nan nasa ne. In ya ji daga bakinki ba zai yi musu ba.

Ki gaida 'yarki Yaya Asabe da yara da mai gidanta Shu'aibu. Na san ba za ki isar da gaisuwar ƙarshen nan ba, tunda ko sunan mutumin ba ki iya kamawa, amma dai na fita haƙƙi.

Ɗanki,
Mudassir

*

Dutse Uku, Jos
30 ga Yuli

Mudassir,

Sallama da gaisuwa. Magani ya iso, Allah ya yi albarka, har na fara taka ƙafar ba tare da dafa bango ba. Kowa lafiya.

Na je. Ran Litinin da hantsi na hau keke napep zuwa Tudun Wada, ana ɗan yayyafi. Ka san garejin, gindin mangwaron nan. Na tarar da shi cike: masu jiran mota a kan benci, masu fakewa ruwa a ƙarƙashin rumfa, ga Datong, mutumin nan mai kula da bas-bas huɗu na wata makarantar kuɗi, wanda shekara da shekaru Linus ke yi masa gyara. Motarka na gefe, bakinta a buɗe, an jera kayan cikinta a kan buhu.

Surukina ma yana wurin, mijin yarinyar nan tawa ta unguwar Ali Kazaure, yana tsaye a jikin motar. Da na hango shi sai na ja mayafi na juya masa baya, kamar yadda aka saba.

Ka ce in yi magana a hankali. Ban yi a hankali ba. Linus ya taso da fara'a yana goge hannu, yana cewa, “Mama, sannu da zuwa, yanzu ma nake so in yi miki bayanin yadda...” Ban bari ya ƙarasa ba. Na ce, “Ba bayani na zo ji ba. Shekara ashirin kana gyara motar gidana, ashe jabun kaya kake ɗaura wa mutane? Bel ɗin wata huɗu ya tsinke kamar zaren ɗinki? Ka karɓi kuɗin sabo ka sa na bola, sannan ka ce mu za mu biya?”

Har mai bugun ƙarfe ya ajiye gudumarsa. Linus ya dube ni, ya dubi wajen motar, ya sake dubana. Ya ce, “Mama, zo mu shiga ciki, ki zauna, mu yi magana.” Na ce a nan zan yi ta, kowa ya ji. Ban san daga ina muryar nan ta fito ba, ko a aji ban taɓa ɗaga ta haka ba.

Sai Linus ya ce, “Shi ke nan, Mama. Zan gyara. Ba za ki biya ko kwabo ba, oga Mudassir ma ba zai biya ba.”

Datong ya miƙe daga benci ya ce, “Linus, abin da Mama ya faɗa gaskiya ne?” Linus ya ɗauki sifana ya shige ƙarƙashin wata mota.

To, ka ji. An samu abin da ka ce a nema, ba ni ba kai. Na dawo gida na ɗora tukunya, na tuƙa tuwo, na kasa ci. Har yau in na rufe ido hannunsa nake gani da tsumman nan yana gogewa.

Tambayarka ta Mararabar Jama'a kuwa, a bar ta sai ka zo.

Gwaggonka,
Barira

*

Dutse Uku, Jos
5 ga Satumba

Ɗana Mudassir,

Ina gaishe ka, ina fatan lafiya ce ta ɓoye ka. Ni jiki da sauƙi.

Sati biyar ke nan babu takardarka. Sau uku ina aikawa tasha a tambayi Hezekiya, yana cewa ba a ba shi komai ba. Wataƙila aiki ne, wataƙila hanya ce ta lalace, amma mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Zuciyata ta ba ni cewa wani ya kira ka ya gaya maka, kuma ka yi fushin da ba ka son rubuta wa babba. In haka ne ka yi daidai. In ma ba ka ji ba, gara ka ji daga gare ni.

Ba Linus ne ya fita da motarka ba. Ni na ba da ita aro.

Ran Alhamis ɗin makon, yarinyar nan ta zo ta durƙusa, ta ce mai gidanta ya ce a roƙe ni, motar da ya yi haya don ɗauko dankali daga Bokkos ta ba shi kunya, a taimaka masa da taka na wuni ɗaya. Mudassir, mutumin nan shekara tara yana auren 'yata ta fari. Ban taɓa haɗa ido da shi ba, in ya shigo gaisuwa yana zaure ina ɗaki. Bai taɓa roƙon komai a wurina ba sai ranar. Na buɗe baki in ce ajiya ce, sai na ji kaina ina cewa makullin na ƙarƙashin filo.

Da Linus ya zo tayarwa ran Asabar ya tarar da fili, na ce masa an kai ta wanki. Ƙarya ta farko ke nan.

Surukin nan kuma can ya cika but ɗin motar da kujerar baya da buhuna. A hanyar dawowa inji ya fara wani irin kuka, sai wani mai ba da shawara a bakin titi ya ce ai bushewa ce, a buɗe a zuba wa bel ɗin baƙin mai zai yi shiru. Ya zuba. Ya yi shirun kuwa, har zuwa Mararabar Jama'a. Yarinyar nan ce ta gaya mini tana kuka, tana roƙon kada maganar ta fita, don mutumin ba shi da halin gyaran kuma ga zafin rai.

Da na rubuta maka cewa “aka fita da ita”, da gangan na bar shi haka. Na yi shekara talatin ina koya wa yara su faɗi wanda ya yi aiki a jimla, na san abin da na cire. Ka ɗora wa Linus, na yi shiru. Ka ce ko gwamna ba zan ba aro ba, na ninke takardar na cusa ƙarƙashin katifa, don ban iya sake kallon layin ba.

Ranar gareji kuma, ba zafin motarka ne ya ɗaga muryata ba. Surukin nan na gani a tsaye, na ga Linus ya buɗe baki zai yi bayani, na tsorata kada ya kama sunan mijin 'yata a gaban jama'a, ni kuma ina tsaye. Sai na riga shi. Tabarmar kunya da hauka akan naɗe ta, ni kuwa a kan bawan Allah na naɗe tawa.

Ga abin da ya biyo baya. Datong ya kwashe bas-bas ɗinsa huɗu ya kai wani gareji, ya ce ba zai ɗora 'ya'yan mutane a kan jabun kaya ba. Maganar ta zaga Tudun Wada. Linus ya sayar da babur ɗinsa ya sayi kayan gyaran. Asabar ɗin da ta wuce ya kawo motar da kansa, tana tashi lafiya, ya ajiye ta inda take, ya lulluɓa mata tampol, ya miƙo mini makulli da hannu biyu. Na kawo kunu, ya ce ya ƙoshi. Da ƙafa ya fita neman keke.

Ni zan biya, ko da keken ɗinkina zan sayar. Surukin nan ba zan iya tunkararsa ba, kada ka ce in yi. Ka yafe mini cin amanar da na yi maka.

Gwaggonka,
Barira

*

Gembu
14 ga Satumba

Gwaggo,

Ina gaishe ki. Ina lafiya, ban yi ciwo ba, hanya ma ba ta lalace ba, kuma babu wanda ya kira ni. Takarda uku na rubuta miki a cikin makonnin nan, duk na yayyaga. Da taki ta iso jiya na karanta, sai na ji da ƙasa za ta tsage da na shige. Kina neman gafara a wurin wanda ya fi ki laifi.

Bel ɗin jabu ne, Gwaggo, kin faɗi gaskiya a gareji. Amma ba Linus ne ya saya ba. Ni ne.

Lokacin da ya ce bel ya isa canji, ya gaya mini inda zan samu na ainihi. Na ji kuɗin ya yi yawa, na zaga wata rumfa a kasuwa na samo wani a kashi ɗaya cikin uku, kwalinsa har ya fi na ainihin kyau. Da na kawo, Linus ya lanƙwasa shi, ya shinshina, ya ce, “Oga, wannan ba zai kai ka Bauchi ba.” Ya kuma nuna mini wurin da mai ke tsattsafowa a bayan bel ɗin, da ƙarfen da ke ɗaure shi wanda ya fara lilo, ya ce duka ukun tare ake canza su, in ba haka ba aikin banza ne. Na ce ba ni da kuɗi. A satin nan na sa wa motar sababbin sifika da baƙin gilashi, saboda bikin abokina, don a ce Mudassir ya iso. Sau biyu ya ƙi ɗaurawa. Na ce masa, “Ɗaura kawai, in ya tsinke wuyana.” Da bakina na faɗa.

Shi ya sa na ce kada kowa ya fita da ita. Ba tsananin son mota ba ne, na san abin da ke cikinta. Da na gaya miki dalili, da kin samu abin faɗa wa Yaya Asabe ba tare da kin ji kunyar kowa ba. Na ɓoye don kada ki ce araha ba ta ado, ki yi mini dariya. Kukan da Shu'aibu ya ji a hanya, ƙarfen nan ne da na ƙi canzawa. Man da ya zuba da lodin da ya yi sun ƙarasa abin, amma ni na fara.

Da takardarki ta farko ta zo, na gane nan take. Sai na zauna na jera miki dalilan tsinkewar bel kamar malami, na ce duk a hannun mai gyara suke. Na ce ba zan kira shi ba don kada raina ya ɓaci. Tsoron muryarsa nake, kada ya ce, “Oga, ba na gaya maka ba?” Sai na tura tsohuwa mai ciwon gwiwa ta je ta yi mini abin da na kasa. Laifi tudu ne, na taka nawa na hango na wani.

Kada ki taɓa keken ɗinkinki. Albashin watan nan da na gobe na Linus ne, har sai babur ɗinsa ya dawo. Shu'aibu kuma ki bar ni da shi, ni ba surukina ba ne, zan kira shi mu yi ta maza.

Abu ɗaya ne ba zan iya daga nan ba, kuma hutuna sai Disamba. Kuɗi za su mayar da babur, ba za su mayar da abin da aka faɗa a gindin mangwaron nan ba. Ina jin nauyin sake aiken ki, amma ki ɗauki takardar nan ki kai garejin, ki karanta ta da ƙarfi, da sunana a ciki, kada ki tsallake ko layi ɗaya.

Ɗanki mai jin kunya,
Mudassir

*

Dutse Uku, Jos
2 ga Oktoba

Ɗana Mudassir,

Gaisuwa da fatan alheri. Ruwa ya fara ɗaukewa, gwiwa ta lafa, yara duk lafiya. Na yafe maka, kai ma ka yafe mini, kada mu tsaya auna wanda tudun laifinsa ya fi tsayi.

Ba sai ka kira surukin nan ba. Ni na aika aka kira shi. Ya zauna a zaure, ni ina bayan labule, na yi masa magana baki da baki, karo na farko a shekara tara. Na ce masa ranar da na zagi Linus yana tsaye yana ji, kuma ya san wanda ya zuba man. Na ɗauka zai tashi da faɗa. Sai na ji babban mutum yana jan hanci. Ya ce tun ranar bai sake bin hanyar Tudun Wada ba, shi ma kunyata ce ta rufe masa baki, yana ganin in ya yi magana ya ƙaryata surukarsa a bainar jama'a. Ka ji mu, kowa na jin kunyar kowa, an bar wanda ba dangin kowa ba da kaya. Ya haɗa abin da ya samu a dankalin da abin da ka turo, sun je tare da Linus an sayi babur. Ba sabo ba ne, amma yana tafiya.

Ran Litinin da hantsi na koma garejin, daidai lokacin da na je wancan karon. Na tsaya a inda na tsaya. Na faɗi nawa tukuna, da aron da na bayar, da ƙaryar wanki, da dalilin ihun da na yi. Sannan na sa tabarau na karanta takardarka daga sama har ƙasa, har da sifika da baƙin gilashi.

Linus yana zaune a kan taya yana saurare. Da na gama na ce masa, “Me ya hana ka magana ranar nan, alhali ka san komai?” Ya ce, “Mama, in na yi magana zan tona oga Mudassir, zan tona surukinki, kuma zan ce ke kin yi ƙarya, duka a gaban mutane. Na ci abinci a gidanki shekara ashirin.” Na ce ya yafe mini. Ya ce ya yafe, kuma na yarda da gaske yake.

Sai ya waiga ya dubi garejin. Ni ma na duba. Mota ɗaya ce a gindin mangwaron, benci kuma babu kowa sai mai motar da wasu biyu. Ya ce, ba da faɗa ba, “Mama, wancan rana mutum sha ɗaya ne a nan. Yau mutum uku.”

Na ce ya lissafa mini su. Ya ce in bari, ya wuce. Na ce ba zan tashi ba sai ya faɗa. Ya tuno bakwai, har da surukin nan da Datong.

Sati biyu ke nan ina yawo da takardarka a jaka. Na je makarantar su Datong, ya ba ni kujera, ya saurare ni har ƙarshe, ya daɗe yana girgiza kai. Ya ce zai je ya ba Linus haƙuri da kansa, amma bas-bas an riga an yi yarjejeniya da wani garejin, sai baɗi a gani. Na je wurin mai shagon taya, da wata ma'aikaciyar jinya, da direban tasi biyu, da wani fasto da na yi sawu uku kafin in same shi a gida. Kowanne na tsaya a gabansa na ce ni ce tsohuwar da ta yi ihu a garejin Linus, ƙarya na yi. Wasu sun ce Allah ya kyauta, ɗaya ya yi dariya, ɗaya ya ce ai tuni ya gaya wa 'yan tasharsu, na ce to ya koma ya warware. Ban sani ba ko zai yi.

Saura huɗu. Masu fakewa ruwa ne, yayyafi ya tsayar da su a rumfar, da ya ɗauke suka wuce. Linus bai san su ba, maƙwabtansa ba su san su ba, ni ko fuskarsu ban riƙe ba. Suna nan cikin garin nan, a wurinsu Linus mai ɗaura jabun bel ne, kuma daga bakina suka ji.

Gwaggonka,
Barira